Kabarin da Aka Aro wa Babana

Abu ɗaya nake roƙo kafin in fara. Duk wadda za ta zage ni a ƙarƙashin wannan rubutu, ta daure ta kai ƙarshe tukuna, don zagin da na yi wa kaina ya fi wanda za ku iya. Sunana Sadatu, kuma na yi shekara goma sha uku ina cewa babana ya rasu, alhali yana zaune a Argungu yana shan furarsa.

A 1987 ne, lokacin Birnin Kebbi ba ta zama hedikwatar kowa ba, ko takardar hutu sai ta je Sakkwato an sa mata hannu. Shekarata ashirin da biyu, ina aikin buga tafireta a wani ofishin gona, ina zaune a Nasarawa gidan Gwaggo Jamilatu, ƙanwar babana. Sana'arta turara shinkafa, don haka tsakar gidanmu kullum a shimfiɗe yake da shanya, mutum sai ya bi gefen bango zai kai ɗaki. Ni kuwa kullum da safe in ɗaura atamfata, in kafa ɗankwali, in shafa hoda, in fita kamar wadda ba ta da damuwar komai a duniya. Na iya wannan ƙwarai.

Abdussamadu malamin gona ne, a fadamar Zauro yake aiki da manoman shinkafa. Duk ranar Alhamis yakan shigo ofishinmu da rahotonsa na mako, laka har gwiwar wando, ya ajiye mini in buga. Baƙi ne dogo, ba ya da yawan magana, kuma Allah bai ba shi kyan rubutu ba. Ku 'yan yanzu da kuke tura saƙo a waya ku goge idan kun ji kunya, mu namu saƙon a cikin fayil yake zuwa, kuma in ya zo ya zo ke nan. Na farko da na tsinta a tsakanin shafi na biyu da na uku cewa ya yi:

“Malama mai tafireta, a yi haƙuri da rubutuna, a kan tankin babur na yi shi.”

Na buga masa amsa a guntun takarda na maƙala: “An yi haƙuri, amma a nemi tebur.”

Mako na gaba ya rubuto: “Na ga kwanon abincinki a rufe tun safe. Ko aikina ne ya hana ki ci?” Daga nan fa Alhamis ta zama ranar da nake sa atamfata mai ruwan ganye da ɗan-kunnen da Gwaggo ta sayo mini daga Makka. Bayan wata huɗu ya nemi izini ya fara zuwa zance a zauren gidanmu bayan la'asar.

A zauren nan ne abin ya ɗaure ni. Wata rana yana zaune a tabarma, ina daga bakin ƙofa, ya ba ni labarin mahaifinsa da ya rasu yana aji biyu na sakandare, aka yi jana'iza kafin saƙo ya same shi a makaranta. Ya ce bai taɓa gaya wa kowa yadda abin ke cinsa ba.

“Ke ɗai nika iya hwaɗa ma, Sadatu,” ya ce, “don Gwaggo ta ce min ke ma marainiya ta. Kin san abin.”

Da a ce ina da hankali, a nan zan buɗe baki. Sai na sunkuyar da kai na ce, “Allah shi jiƙansu.” Ya ce amin, har da share ido. Wallahi ina son mutumin nan, kuma a ranar na fi sonsa, a ranar kuma na cuce shi.

Bari in gaya muku yadda babana ya mutu ba tare da ya mutu ba. Sunansa Dankure, masunci ne da ake ji da shi a Argungu. Mahaifiyata ta rasu ina goye, shi ya raine mu ni da yayana Ummaru. Ina tuna yadda yake zare mini ƙaya daga tarwaɗa da yatsunsa kafin ya sa mini a baki. Ina shekara tara aka yi wata cikar ruwa, jirginsu ya kife, shi ya fito, Ummaru bai fito ba. Kwana biyu yana nutso yana nema, da hannunsa ya ciro gawar. Bayan an yi addu'ar bakwai sai ya daina magana. Ya daina shiga ruwa, ya daina zuwa kasuwa, wani lokaci ya tashi ya nufi gulbi yana kiran sunan ɗansa sai an riƙo shi. Mutane suka ce mutanen ruwa sun taɓa shi. An yi hayaƙi, an yi rubutu, har mari na ƙarfe aka sa masa a ƙafa na wata shida. Daga baya ya lafa, ya koma zama a wani ɗaki a bayan gidan ƙanensa Baffa Sahabi, yana gyaran koma da homa na masunta, ba ya ce wa kowa uffan.

Gwaggo ta ɗauko ni ta kawo ni Birnin Kebbi. Ranar da ta kai ni firamare, hedimasta ya tambayi sunan uba da sana'arsa, ina tsaye riƙe da gefen zanenta na ji ta ce, “Ya rasu.” A hanyar gida ta saya mini alewa ta ce daga yau haka zan riƙa cewa. Haka na ce a firamare, haka na ce a sakandare, haka na buga da yatsuna a fom ɗin ɗaukar aiki. Sau ɗaya a shekara biyu takan kai ni Argungu, in tsaya a bakin ƙofarsa in gaishe shi, ba ya ɗago kai, ni kuma in gudu. Ba ƙyamarsa nake ba, tsoro nake ji in dube shi da kyau in ga kaina.

Maganar aure ta yi nisa. Mutanen Abdussamadu sun yi bincikensu a unguwa, kowa ya ce ɗiyar Jamilatu ce, marainiya mai kunya. Mahaifiyarsa, Hajiya Zainabu, mace ce da ba a yi mata musu, kuma ta faɗa a gaban Gwaggo cewa ita ba ta duba dukiya, jini take dubawa, gidan da aka taɓa yin taɓin hankali ko kyauta ba ta ɗaukar 'yarsu. Gwaggo ta ce ai haka ya kamata, ta ƙara mata goro. An tsayar da cewa Baffa Sahabi ne waliyyi, a Birnin Kebbi za a ɗaura bayan an yanke shinkafa. Har an fara jera mini langa da samira a ƙarƙashin gadon Gwaggo.

Sai wata Alhamis na buɗe fayil na ga wannan:

“Asabar ta sama zan je Argungu. Ba zan ɗauki 'yar mutum ban je na gaishe shi ba, ko da a maƙabarta ne. Ki sa a gaya wa Baffa ya jira ni da hantsi ya nuna mini wurin.”

Na karanta sau uku. Na sa takarda da kabon a tafireta zan fara aiki, sai yatsuna suka ƙi. Ƙirjina ya matse kamar an ɗaure shi da igiyar guga, numfashi ya ƙi sauka, zufa ta jiƙa mini ɗankwali, ina jin zuciyata a kunnena. Ba ranar abin ya fara ba, ya kai shekara biyu yana zuwa mini, amma bai taɓa kai haka ba. Duk lokacin da ya zo, abu ɗaya nake gaya wa kaina: ga shi nan, ciwon Baba ya iso. Na lallaɓa bayan ofis na tsuguna a gindin dalbejiya har ya sake ni, na wanke fuska na dawo na buga rahoton takin zamani kamar ba ni ba.

Da na koma gida na tarar da Gwaggo tana juya shinkafa a tukunya, hayaƙi ya sa idonta ja. Na karanta mata takardar. Ta ajiye muciya.

“Wanga yaro da neman lada shike,” ta ce. “Wa ya aike shi?”

“Gwaggo, in hwaɗa mai gaskiya?”

“Ki hwaɗa mai mi? Kin ji abin da uwatai tac ce da kunnenki.”

“To in yat tahi fa?”

“Shi tahi. Kabari na shika so, kuma akwai kabari.”

Ranar Lahadi ta shiga mota ta tafi Argungu, ta dawo da yamma da ƙullin busasshen kifi da shawarar da suka yanke ita da Baffa. Za a kai shi kabarin Ummaru a ce na Baba ne. Mata ba sa shiga maƙabarta, don haka ni ba abin da za a nema a wurina. In zauna gida in wanke kayana, shi ke nan.

“Ba ƙarya za ki yi ba,” in ji ta. “Shiru ɗai za ki yi.”

“Gwaggo, Yaya Ummaru fa.”

“Addu'a ta za a yi mai, mi ya rage shi? Sadatu, dube ni.” Na dube ta. “Da ƙwarƙwata nid ɗauko ki, kina hitsarin kwance, ɗiyan unguwa na jihwar ubanki. Ban haihu ba, ke ta ɗiyata. Na ga matan da sunka tsuhwa ɗakin uwayensu don an ce kakarsu ta taɓa yin tsirara kasuwa. Ba ni bari a yi miki haka ina raye. In zunubi na, ni niɗ ɗauka.”

Tana faɗa tana kuka, tana gyara mini wuyan riga. Ku gaya mini, yaya ake faɗa da mutumin da ke cutar da kai saboda so? Da mugunta ce da na san inda zan sa ƙafa. Na ce to, na shiga ɗaki na zauna a bakin gado ina kallon kwallayen aurena.

Kwanakin nan ban san yadda na yi su ba. In na yi shiru, na binne ubana da rai a karo na biyu, kuma in zauna da Abdussamadu har tsufa ina tsoron duk wani ɗan Argungu da zai yi sallama a gidanmu. In na yi magana, na rasa shi, na tona asirin Gwaggo a gaban Hajiya Zainabu da duk Nasarawa. Ta ko'ina na juya bango ne. Abinci ya daina shiga, zanen da nake ɗaurawa sau ɗaya ya koma neman ƙari. Ciwon ƙirjin nan ya zo mini sau huɗu a kwana uku.

Ranar Laraba ya kama ni a hanyar ofis, sai na juya na nufi asibiti wajen Anti Ruƙayyatu. Nas ce, maƙwabciyarmu, ta girme ni da kamar shekara goma, mace mai faɗar magana yadda take. Ta auna jinina, ta sa abin sauraro a ƙirjina da bayana, ta leƙa idona. Sannan ta rufe ƙofar ɗan ɗakin ta jawo kujera.

“Zuciyarki lahiya lau take, ta hi tawa,” ta ce. “Yanzu hwaɗa min abin da kinka haɗiye.”

“Ba komi, Anti.”

“Ba komi ba ya rame mutum haka. Ni ba Jamilatu ce ba, ba ni da langa ko guda cikin auren ga.”

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Karo na farko tun ina shekara tara na ce da wani mahaluki, “Babana na da rai.” Kalmomin suna fita na fashe da kuka irin wanda majina ke haɗuwa da hawaye. Ba ta ce in yi haƙuri ba, ta bar ni har na gama, ta miƙo mini ruwa a kofin roba.

“Anti, haukan na ya biyo ni ko?”

“Wane hauka? Ke tsoro na ka cin ki. Mutum in ya daɗe ɗauke da abin da ba shi iya hwaɗi, jiki na hwaɗa mai da nashi harshe. Ina ganin irinku kullum, da maza masu gemu.” Ta karɓi kofin. “Shi ko babanki ban gan shi ba, ba ni yanke mai hukunci. Amma mutumin da yac ciro ɗanai daga ruwa da hannunai, in ya yi shiru ban ga abin mamaki ba. An taɓa kai shi ga likita?”

“A'a.”

“An taɓa zama an yi hira da shi?”

An yi masa hayaƙi, an ɗaure shi, an ba shi abinci, an wanke masa kaya. Ban tuna ranar da wani ya zauna ya tambaye shi abin da ke ransa ba, har da ni.

“To mi za ni yi?” na ce.

“Wannan ba ni rubuta miki shi ga kati. Abin da nis sani ɗai, ƙwaya ba ta maganin wanga ciwo naki in kin koma kin haɗiye.”

Alhamis ya kawo rahoto, na ɓuya a ɗakin fayil har ya tafi. A ciki ya rubuta: “Ban gan ki ba. Jibi in Allah ya so zan gai da surukina. Akwai saƙo?” Na sa takarda a tafireta na buga “Abdussamadu, babana” sau biyar, sau biyar ina yagewa. Masinja ya zo karɓar fayil na ba shi babu amsa.

Ranar Asabar na tashi na share tsakar gida, na taya Gwaggo baza shanya, na ce za ni wajen tela a duba ɗinkin anko. Na sa tsohuwar atamfa da farin gyale, ko hoda ban shafa ba. Ƙafata ba ta tsaya ko'ina ba sai tasha. Kada ku ce jarumta ce, don har motar ta tashi ban san abin da zan je yi ba. Kawai na kasa zama ina wanki a lokacin da ake nuna kabarin yayana da sunan ubana. Aka cusa mu a bayan a-kori-kura tare da buhunan albasa, ina ta addu'ar taya ta fashe.

Na isa gidan Baffa Sahabi hantsi bai gama ɗagawa ba. Yana zaure ya sa babbar riga da hula, ya ci ado kamar mai zuwa ɗaurin aure. Da ya gan ni sai da carbinsa ya faɗi.

“Ke da wa?”

“Ni ɗai, Baffa. Gaisuwa niz zo.”

“Jamilatu ta sani?”

Na ɗauki carbin na miƙa masa. Ya dube ni ya dubi hanya, ya ce in shige ciki kada in kuskura in fito sai baƙo ya tafi.

Ɗakin Baba yana can ƙarshen gida bayan danga, kusa da inda ake shanya koma. Yana zaune a ƙofa a kan buzu, ya miƙe ƙafa, ya saƙala bakin wata homa a babban yatsansa yana ɗinke inda ta yage. Ya tsufa fiye da yadda na bar shi, gemun ya yi fari fat, amma rigarsa a wanke take, hannunsa kuma ba ya rawa ko kaɗan. Na gaishe shi, bai ɗago ba. Yau ban gudu ba. Na cire takalmi na zauna a ƙasa kusa da shi, kusa har ina jin warin zare da kifi a jikinsa, warin da na sani tun ina ƙarama. Na ce, “Baba, Sadatu ta.” Hannunsa ya ɗan tsaya, sannan ya ci gaba.

Muna nan zaune na ji ƙarar babur ta tsaya a ƙofar gida. Na ji sallamarsa, na ji Baffa yana masa maraba da muryar da ba tasa ba. Gidan ba shi da girma, komai ana ji. Suka gaisa, aka kawo ruwa, sai na ji Abdussamadu yana cewa:

“Baffa, in ba damuwa mu tahi tun rana ba ta yi zahi ba.”

“To, to. Ba nisa, nan bayan gari na.”

Ƙirjina ya fara matsewa, na san alamar. Na dafa ƙasa na ja numfashi, na dubi Baba, shi kuma yana kallon zarensa. Na miƙe da ciwon a jikina, ba takalmi, na ratsa tsakar gida matan Baffa na kirana ƙasa-ƙasa. Na ɗaga labulen zaure a daidai lokacin da suke sa takalma.

Abdussamadu ya sa fararen kaya, riƙe da ɗan littafin addu'o'i. Ya gan ni ya yi murmushi, murmushin ya tsaya a rabi.

“Sadatu? Mi kika yi nan?”

“Koma ciki,” in ji Baffa.

“Baffa, ka yi min gahwara. Kada ka kai shi.” Na juya wajen Abdussamadu. “Malam, kabarin da za a nuna maka, na yayana na. Babana na cikin gida.”

Baffa ya zauna a kan dakali ya cire hula ya riƙe. Abdussamadu ya dube shi, ya dube ni, ya ce a hankali, “Kai ni.”

Na wuce gaba yana bina har bayan danga. Ya tsaya daga nesa kaɗan yana kallon tsohon da ke ɗinkin homa. A tsaye a wurin na gaya masa komai, kifewar jirgi, shirun, marin, ranar firamare. Ban yi wa kaina ado ba, ban ɗora wa Gwaggo ba. Bai katse ni ba har na gama, kuma ko sau ɗaya bai dube ni ba.

“Tun randa nis san ki,” ya ce, “ban yi salla guda ba da ban haɗa babanki da nawa uba ba. Ina roƙon a haskaka kabarinai, a sauƙaƙa mai tambaya. Shekara guda da rabi ina yi ma mai rai addu'ar matattu, kina ji kina cewa amin.”

“Tsoro niji.”

“Na sani. Ciwon nai bai dame ni ba, Sadatu, wallahi bai dame ni ba. Abin da kinka bari niy yi shi ad da zahi.” Ya sa littafin a aljihu. “Kuma Inna za ta ji wagga magana daga bakina yau. Ba ni ɓoye mata. In tac ce a'a, kin san ba ni iya tsallake ta.”

Na ce na sani. Na ɗauka juyawa zai yi. Sai ya cire takalmansa, ya taka har gaban buzun, ya durƙusa gwiwa biyu kamar yadda ake yi wa suruki.

“Baba, ina kwana. Sunana Abdussamadu, daga Birnin Kebbi. Malamin gona ni. Na zo neman auren ɗiyarka Sadatu, in ka ga na dace.”

Baffa ya biyo mu yana tsaye a bakin danga. “Ba shi magana, ɗana,” ya ce. “Kada ka wahal da kanka.”

Abdussamadu bai tashi ba. Kaji na ta tono a gefe, wani na kiran mai jirgi daga gulbi. Na ƙirga ɗinki bakwai da Baba ya yi, a na takwas ya tsaya. Ya zare homar daga yatsansa ya naɗe ta ya ajiye. Ya ɗago kai, karo na farko da na ga ƙwayar idonsa tun ina yarinya. Da ya buɗe baki muryar ta fito a dishe, kamar ƙofar da ta daɗe a rufe.

“Ni kaka tambaya?”

“Kai, Baba.”

Ya juya ya dubi Baffa, ya daɗe yana dubansa, sannan ya dube ni. Na matsa na zauna a ƙasa kusa da shi.

“Shekara goma sha ukku,” ya ce, “ba wanda yat tambaye ni ko hura nika so ko ruwa. Sa'ad da anka ɗauke ta ba a tambaye ni ba. Ran Lahadi bayan wagga danga anka zauna anka ba ni kabarin ɗana, ina ji.” Ya tsaya ya huta, maganar ta gajiyar da shi. “Kai ka tambaya, za ni ba ka amsa. Amma matacce ba shi ba da aure. Koma ka tambayi mutanenka in sun yarda ina da rai. In sun yarda, ku zo tare.”

Ya jawo homarsa ya mayar a yatsa.

Abdussamadu ya ce, “To, Baba.” Ya miƙe, ya sa takalmi, ya yi wa Baffa sallama, ya wuce ta gabana bai ce mini komai ba. Ina zaune a ƙasa kusa da ƙafar ubana na ji ya tada babur, na bi ƙarar da kunne har ta hau hanyar Birnin Kebbi, inda Hajiya Zainabu ke jiransa ya dawo ya ba ta labarin ziyarar kabari.